Nauyin Baba

Sabon huji ne a jikin bel ɗin Baba. Auta ta hango shi lokacin da ya ɗaga hannu zai sauko da akwatin sifanu daga kan kanta, rigarsa ta ɗage. Da gani ka san da ƙusa aka yi shi, bakinsa duk ya yi gashi-gashi, kuma shi ne na uku bayan waɗanda bel ɗin ya zo da su daga kanti. Ta yi sauri ta mayar da idonta kan takalminta.

"Karɓi nan," in ji Baba. "Ki kai gaban Gwangwani."

Gwangwani ita ce motar gidan, 'yar ƙarama mai launin toka, wadda ta girmi Auta da shekara biyu. Gwaggo, yayar Baba, ita ta raɗa mata sunan tun ranar da ta fara shiga ta kasa fita sai da aka tura kujera baya. Yanzu motar ta zama ta Auta. Ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti mai nisa, tafiyar awa bakwai, kuma gobe da safe za ta kama hanya ita kaɗai. Sai ga shi kwana uku da suka wuce, tana karya kwana za ta shigo gida, gaban motar ya ɗauki ƙas-ƙas-ƙas. Baba yana kwance a ɗaki, wata huɗu ke nan yana jinya, amma ta taga ya ɗaga murya.

"Kan shaf ne! Na hagu!"

Shekara arba'in ya yi yana aikin makanikanci kafin ciwo ya kwantar da shi. Likita ya ce hutu, kada ya ɗaga abin da ya fi kofin shayi. Saboda haka da safen nan, da Auta ta ga ya fito cikin shuɗiyar rigar aikinsa, sai ta bi Inna kicin don ta kai ƙara.

Inna ko juyowa ba ta yi ba. "Ki bar shi ya yi. Wata huɗu bai nemi komai a gidan nan ba sai ruwa da rediyo. Jiya da bakinsa ya ce in wanko masa rigar nan. Duk wanda ya ɓata masa rai yau, da ni zai yi. Kin ji ko?"

"Na ji, Inna."

A tsakar gida suka tarar wani ya riga su. Mijin yayar Auta ne, wanda kowa ke kira Injiniya. Aikinsa buga hatimi a ofis, sunan kuwa ya samo shi ne ranar da ya gyara fankar falo ta koma juyawa da baya. Tun da sassafe ya zo don ya rage wa surukinsa wahala. Ya ɗaga motar a jak, ya cire tayar hagu ya jingine ta a bango, ya kafa wayarsa a kan bulo, wani mutum a ciki yana ta bayani da hannuwa masu tsabta.

"Baba, barka da fitowa. Na ɗan fara ne kafin ku fito."

Baba ya dubi motar, ya dubi tayar, ya ja kujerarsa 'yar tsugunno ya zauna.

"Madalla. Ci gaba mana."

Injiniya ya gyara tsayuwa. A tsakiyar inda taya ke zama akwai wani ƙaton noti, wanda shi ke riƙe kan shaf, wato ƙarfen da ke juya tayar. Ya ɗora masa soket, bakin sifanar da ke kama kan noti, ya sa hannun sifana, ya ja. Notin ya juya, amma tare da duk abin da ke bayansa, kamar ana juya faranti. Ya sake ja, suka sake juyawa tare. A karo na uku ya kama farantin birki da hannu ɗaya, ya ja da ɗayan, sai ga shi zaune a ƙasa.

Gwaggo tana kan kujerar roba a inuwa tana ɓare lemo. "Injiniya, ko ita ma da baya za ta riƙa tafiya?"

"Mayar da tayar," in ji Baba.

"Baba, ai yanzu na cire ta."

"To ka san hanya ke nan."

Yana mayarwa Baba yana yi wa Auta bayani, kamar Injiniya ba ya wurin. Notin tsakiya ba a kwance shi mota tana sama. Sai tana tsaye da ƙafafunta huɗu a ƙasa, nauyinta ya danne tayar, wani kuma ya taka birki. Aka sauke jak. Baba ya ɓalle murfin tsakiyar taya da bakin sukurdireba, notin ya leƙo ta ramin. Ya nuna mata inda aka dake leɓen notin ya shige wani ɗan tsagi a jikin shaf, don kada ya warware a hanya. Ya ɗauki guduma da ɗan kurfi mai siririn baki, ya buga sau biyu, leɓen ya miƙe.

"Injiniya, ga aikin da ya dace da kai. Shiga ka taka birki. Na tsakiya ne."

"Haba Baba, na san birki."

"Tuni ne kawai. Auta, ɗauko min bututu."

Bututun yana bayan ƙofar sito inda yake tun tana rarrafe. Na ƙarfe ne, tsawonsa ya kai mata ƙirji, jikinsa ya yi santsi don shan hannu. Kusa da ƙarshensa ɗaya akwai jan layi na fenti. Duk wanda ya taɓa zama da Baba minti goma ya san labarin layin nan. Akwai sifana mai awo da ake ɗaure irin wannan noti da ita, tana yin ƙas idan ɗauri ya kai, amma Baba bai taɓa mallakar ta ba. Ya ce jikinsa ne ma'auninsa. Shekara talatin nauyinsa kilo tamanin da huɗu ne, ba ƙari ba ragi. Idan ya zura bututun a hannun sifana, ya daidaita shi a kwance, ya hau kan jan layin da ƙafa ɗaya ya ƙirga uku, to noti ya ɗauru yadda kamfani ke so. An taɓa gwada shi da sifana mai awon a wani babban gareji, gaban mutane, aka tarar babu bambanci. A farkon labarin mutum shida ne suka shaida. Bara da Auta ta ji shi, sun kai arba'in.

Kwancewa kuwa ba ruwanta da layi. Baba ya zura bututun, ya dafa rufin motar, ya hau can ƙarshensa inda ƙarfi ya fi yawa. Noti ya ce bai san zance ba. Baba ya ɗan yi lilo. Shiru. Ya yi tsalle kaɗan, wandonsa ya zame, ya cafke shi da hannu ɗaya.

"Tsatsa ce," ya ce, yana saukowa. Ya fesa wa notin mai, aka jira, ya sake hawa. Bututun ya ɗan lanƙwasa don ladabi, ya tsaya.

"In saki birkin?" Injiniya ya tambaya daga ciki.

"In ka saka sai na ɗaure ka a madadin notin!"

Gwaggo ta ajiye lemonta, ta goge hannu a gefen zani, ta miƙe a hankali kamar ana tayar da babbar mota.

"Matsa, Makanike."

"Yaya, wannan ba aikin mata ba ne."

"Na gani ai. Matsa."

Ta dafa kafaɗar Auta, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan bututun. Ba ta ma gama ɗauke ɗaya ƙafar daga ƙasa ba, sai ƙaaaw! Notin ya saki, bututun ya daki siminti, kaji suka watse. Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Shekara ashirin ana min gorin ƙiba a gidan nan," in ji Gwaggo, tana komawa kujerarta. "Yau ga ranarta. A rubuta."

"Ni na sassauta miki shi," in ji Baba.

"Allah ya saka da alheri. Da ka ƙara hawa biyu da sai ya faɗo don tausayi."

Kowa ya yi dariya, har da Baba. Auta ma tana cikin dariyar, sai ta daina. Ita ce mai riƙe masa katin asibiti duk ranar ganin likita. Ita ce ke tsaye a gefe idan ya hau sikeli, yana kallon silin kamar abin bai shafe shi ba. Satin da ya wuce ma'aikaciyar jinya ta rubuta sittin da ɗaya.

Lissafin ba mai wuya ba ne, tun a sakandare aka koya musu. Ƙarfin ɗauri shi ne nauyi sau nisa. An ja layin nan ne don mutum mai kilo tamanin da huɗu. Idan mai sittin da ɗaya ya hau wuri ɗaya, notin zai rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaurinsa. Kuma Baban ne da kansa ya sha faɗa mata abin da sakakken notin tsakiya ke yi: ya cinye boris ɗin da taya ke juyawa a kai a hankali, taya ta fara rawa, wata rana kana gudu ka ga tayarka ta wuce ka tana sauri. Ga awa bakwai a gabanta gobe.

Aka ɗaga motar, wannan karon bisa ƙa'ida. Baba yana zaune yana ba da umarni, Auta ce hannuwansa. Ta cire taya, ta kwance abin da ya ce ta kwance, ta zaro kan shaf ɗin. Robar da ke rufe shi ta yage, man ciki ya zama baƙin yashi. Ta sa sabo, ta cusa masa giris har sai da ya fito ta gefe. Injiniya yana riƙe da fitilar waya da rana tsaka, yana cewa mutumin cikin bidiyo ba haka ya yi ba.

"Shi mutumin naka yana da 'ya?" Baba ya tambaya.

"Ban sani ba, Baba."

"To ni ina da ita."

Murya ta dawo masa. Har waƙar rediyo yake bi da hanci. Inna ta kawo masa shayi ya shanye tas, ta karɓi kofin tana kallon cikinsa kamar an ba ta kyauta.

Auta ta je famfo wanke hannu, ta yi wa Gwaggo alama da ido. Gwaggo ta biyo ta tana mita a kan gwiwoyinta. Cikin raɗa Auta ta yi mata bayanin layi da kilo.

"To ki faɗa masa mana."

"Gwaggo, wallahi nauyinsa nake ji."

"Wane nauyi? Ai shi ne babu, shi ya kawo maganar."

"Gwaggo, don Allah!"

"To me kike so in yi? In na faɗa zai ce tsokana ce, ya hau layin nan da gayya. In kuma ni na hau, sai dai a sayo sabuwar mota." Ta dubi ƙanen nata can yana goge sabon noti da tsumma kamar zobe. "Ki biya wani gareji gobe a ƙara miki."

Auta ta riga ta yi wannan tunanin. Duk makanikan unguwar a hannun Baba suka koyi aiki, kafin ta fita layin labari ya iso gida. Ban da haka, da zarar an dake leɓen noti to ya gama aiki, in an kwance shi sai sabo, wannan ɗin ma kwana biyu aka yi ana nema. Ko ma mene ne, dole ya faru kafin guduma ta sauka. Da ta koma wurin motar, ta sunkuya kamar za ta gyara takalmi, ta ɗauke ɗan kurfin ta jefa a aljihu.

Aka sa sabon noti da hannu, aka mayar da taya, aka sauke motar ƙasa. Injiniya ya nufi kujerar direba, sai ya tsaya.

"Baba, akwai wani abokina yana da sifanar nan mai awo. Minti ashirin in je in dawo. Don dai a tabbatar."

Auta ta ji kamar ta rungume shi. Tun da aka kawo shi gidan nan bai taɓa faɗar magana mai amfani irin wannan ba.

Baba ya juyo a hankali. "A tabbatar da me?"

"A'a, wai dai..."

"Ka taɓa jin labarin babban garejin nan?"

"Na ji, Baba."

"Mutum hamsin suna tsaye."

"Na ji, Baba. Birki na tsakiya." Ya shige mota ya rufe ƙofa.

Baba ya daidaita bututun a kwance, ya ja baya ya duba shi da ido ɗaya. Ya gyara bel. Ya dafa rufin motar, ya ɗora ƙafar dama daidai kan jan layin, ya ɗauke ta hagu. Notin ya juya, ya juya kaɗan, ya tsaya.

"Ɗaya. Biyu. Uku." Ya sauko yana haki, fuskarsa a washe. "Shi ke nan. Ko kamfani sai haka. Miƙo min kurfi."

Aka duba akwati, babu. Aka duba ƙarƙashin mota. Inna ta fito ta taya nema, ta ɗaga tsumma, ta ɗaga kujera. Gwaggo ta ce a duba aljihun Injiniya, wataƙila ya ɗauka biro ne. Auta tana tsaye, ƙarfen yana ƙona mata cinya ta cikin aljihu. Ta yi zaton Baba zai shiga sito nema, ta samu ko da rabin minti ita da bututun. Bai motsa ba.

"Bar shi," ya ce. "Kawo sukurdireba, ita ma za ta yi."

Ya ɗauki guduma ya fara durƙusawa.

"Baba." Muryarta ta fito 'yar siririya. "Kafin ka dake. Ko zan hau in ji yadda ake tsayuwar? Saboda can in ta kama ni."

Baba ya yi murmushi. "Hau mana. Ba inda zai je."

Ta dafa rufin motar. Ta riga ta auna da ido tun ɗazu: tafin hannu guda da yatsu biyu gaba da jan layin, nesa da notin. Ta ɗora ƙafarta a can, ta ɗauke ɗayar.

Ƙiiit.

Ba wata babbar ƙara ba ce. Bututun ya sunkuya kamar tsawon ɗan yatsa, ya tsaya. Amma kowa ya ji, har Injiniya da ke cikin mota da gilashi a rufe. Gwaggo ta buɗe baki, ta dubi fuskar ƙanenta, ta sa ɓarin lemo a ciki.

Auta ta sauko. Ta kasa ɗaga kai. Inna tana mata wani kallo da take ji a gefen wuya.

Baba ya daɗe yana kallon bututun. Ya dubi jan layin, ya dubi inda ƙurar takalminta ta yi shaida.

"Kilo nawa ce ke?"

"Kai Makanike, ba a tambayar mace wannan," in ji Gwaggo, amma a hankali.

"Hamsin da takwas, Baba."

Ya durƙusa, ya ɗora ɗan yatsa a tsakiyar notin, ya riƙa auno bututun da taƙi da yatsu, leɓunansa suna motsi. Ya wuce jan layin, ya wuce shaidar takalminta da faɗin yatsa ɗaya, ya tsaya. Sai ya miƙo mata hannu, tafi a buɗe, ba tare da ya dube ta ba.

Ta zaro kurfin daga aljihu ta ɗora masa.

"Au," in ji Inna.

Ya kafa bakin kurfin a wurin, ya buga sau uku, ya karce sabon layi, fari tas a jikin baƙin ƙarfe. Ya sake daidaita bututun a kwance.

"Nan ne naki. Ƙafa ɗaya. Ban da lilo, ban da tsalle. Hau."

Ta hau. Notin ya ƙara motsawa ɗan kaɗan, kamar wanda aka taɓa a barci, ya tsaya cak.

"Ƙirga."

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Kilo uku ne kacal tsakaninta da shi. Ta san ya yi wannan lissafin ma, tun yana auno bututun.

Ya cire soket ɗin, ya miƙa mata guduma da kurfi, ya nuna tsagin da farcensa. Ta durƙusa ta saita. Bugun farko ta kuskure ta daki taya.

"Injiniya ta biyu," in ji Gwaggo.

"In saki birkin?" aka tambaya daga cikin mota.

"Riƙe!" Gwaggo da Inna suka faɗa tare.

Auta ta sake saitawa, ta riƙe numfashi, ta buga. Leɓen notin ya lotsa, ya shige tsagin ya zauna. Ta ƙara ɗaya don ya kama sosai, ta shafa wurin da yatsa, sannan ta juyo don ta nuna masa.

Kujerarsa ba kowa. Ya riga ya kai bakin ƙofa, hannu ɗaya riƙe da ƙugun wando, yana tafiya a hankali. Inna ta matsa gefe ta ba shi hanya, ya ɗaga labule ya shige.